Shekarar da Aka Yanki Fatar Safiya

Na san kun ji maganar, domin a Gwarzo zance ba ya kwana a ciki ɗaya. An ce ubanku ya yanki naman 'yarsa ya kai wa masu bincike, wasu ma suka ƙara gishiri suka ce Turawa na sayar wa. Ɗan'uwanku Nura ya taɓa yin dambe a kan wannan magana, ya dawo gida da fasasshen leɓe, ya ƙi gaya mini dalili. To yanzu da na ajiye aiki, gwiwa kuma ta hana ni yawo, bari in rubuta muku abin yadda yake. An yanka, wannan gaskiya ne. Ni ma an yanke ni, ga tabon nan a dantsena na hagu, wanda kuna yara in kun tambaya nake ce muku ƙusa ce. Ba ƙusa ba ce.

Mahaifina magini ne, ɗan Durun ta ƙasar Kabo, kuma bai ga ko ɗayanku ba. Bayan rasuwarsa na ɗauko Inna na dawo da ita gidana a Gwarzo. Ita 'yar Lakwaya ce, kuma ita ta zaɓa mini mahaifiyarku Rabi, 'yar ƙanenta Kawu Haladu. Ta ce tuwona maina, ni kuwa ban yi musu ba, don tun Rabi tana tallar gyaɗa nake bin ta da ido. Aikina a ɗakin gwaje-gwaje ne na wani babban asibiti a Kano. In likita ya ciro ɗan nama daga jikin mara lafiya, ni nake karɓa, in dasa shi a cikin kaki irin na kyandir ya daskare, in yayyanka shi da inji ya fi ɓawon albasa siranta, in shimfiɗa a gilashi, in rina shi, sannan likita ya duba a madubinsa mai ƙara girman abu. Ran Litinin nake tafiya, ran Juma'a in dawo. Inna ba ta taɓa gane aikin nan ba. In an tambaye ta sai ta ce ɗanta mahauci ne na asibiti, amma ko tsoka ɗaya bai taɓa kawowa gida ba.

Ku uku na farko kun zo lafiya lau. Safiya ce ta huɗu, ita kuma ta zo a cikin wata riga mai sheƙi, kamar an naɗe ta a leda, fatar idonta a juye, bakinta a buɗe ba ya rufuwa. Ungozoma ta yi salati ta ce ba ta taɓa gani ba. Sati uku muka yi a asibiti. Rigar ta tsattsage ta zube, muka yi murna, ashe ba a rabu da Bukar ba. Fatar da ta fito daga ƙarƙashi busasshiya ce, tana yin ɓawo manya-manya masu duhu, wannan ya faɗi wani ya maye gurbinsa. Ba ta gumi ko kaɗan. Da rana ta take sai jikinta ya ɗau zafi, ta yi ta kuka har muryarta ta dishe.

Daga nan aka shiga neman mai laifi. Inna ce ta fara, kuma ba a ɓoye take yi ba. A tsakar gida take faɗa, tana tsince shinkafa, Rabi na ɗaki tana ji.

"Mu dai a gidanmu ba a san wannan abu ba. A je a tambayi dangin uwarta na Madadi. Ko kuma ta faɗi abin da ta tsallaka da cikin nan, don na sha hana ta fita da almuru."

Wata maƙwabciya ta ce saɓar maciji Rabi ta taka. Wata ta ce kifi ta cika ci. Inna kuwa ta ɗauka dauɗa ce da wanka zai fitar, saboda haka kullum da safe sai ta karɓi yarinyar, ta sa soso da sabulun salo ta dirje ta har ɓawon ya fita, fatar ta yi ja wur. Kafin la'asar ta sake bushewa ta tsage fiye da jiya. Likitoci sun faɗa tun a asibiti cewa a daina dirza, a riƙa shafa mai, amma wa zai gaya wa Inna yadda ake wankan jariri, ita da ta wanke rabin unguwa? Ni kuma, in faɗa muku gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba, tsoro na ji. Na iya yanka nama, ban iya duban idon uwata in ce ta yi kuskure ba. Sai na riƙa fakewa da aiki, ran Litinin tun da sassafe na tsere Kano na bar mahaifiyarku da abin. Wannan ita ce kunyar da na fi ji a rayuwata.

Da aka yi arba'in Rabi ta tafi Lakwaya ganin gida da jaririya, kamar yadda aka saba. Kwana bakwai aka ce. Aka yi wata guda ba ta dawo ba. Da na je, Kawu Haladu ya tare ni a zaure, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi aiki, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, bai tambayi yayarsa Inna ba. Nan na san akwai magana.

"Isiyaku, 'yata ba za ta koma gidan da ake kiranta mai baƙin jini ba. Ka gaya wa Yaya Dije, in tana neman inda abin ya fito, ta duba dangin mijinta na Durun. In kuma kun gaji ne, ka rubuto takarda, ba za mu yi faɗa ba."

Kun ga inda muka tsaya. Aure na shekara goma sha uku yana lilo, ku uku kuna Gwarzo babu uwa, yaya da ƙane da suka sha nono ɗaya sun daina aika wa juna ko gaisuwa. Kowa yana nuna gidan wani da yatsa.

A wannan lokacin ne wata likitar fata a wurin aikinmu, Dakta Maryam, ta kawo mini aiki na daban. Tana bincike a kan yara masu irin wannan fata, kuma an aiko mata da wasu 'yan kwalabe uku daga waje, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba, ruwan ciki bai fi ɗigon hawaye biyu ba. Ta ce a firji za su zauna, in wuta ta ɗauke in nemo ƙanƙara ko daga ina. Sunan abin antibodi. Na san irinsu a aikin ciwon daji, amma ban taɓa ganin na fata ba. Na gaya mata halin da nake ciki, abin da ban gaya wa kowa a wurin aiki ba. Ta ajiye biro ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni sana'ar mahaifina. Na ce gini.

"To ka riga ka san rabin karatun," in ji ta. "In an gama soro, me ake yi masa don kada ruwa ya ci shi?"

Na ce a shafe shi da makuba.

"Fata ma haka take. Tubalinta na nan, amma sai an shafe saman da wani maiƙo da jiki ke haɗawa da kansa. Akwai sinadarai a cikin fata da aikinsu ke nan, su sarrafa kitse ya zama wannan shafe. In ɗaya daga cikinsu babu, ruwan jiki sai ya yi ta tsiyayewa, fata ta bushe, ita kuma ta yi ta tara tubali a kan tubali don ta toshe. Shi ne ɓawon da kake gani."

Ta ce kowace kwalba sinadari ɗaya tak ta sani. In ka ɗiga ta a kan yankin fata, za ta bi ta nemo nata ta manne masa, kamar yadda ɗan akuya ke gane uwarsa a cikin garke. Inda ta manne, in an zuba rini, sai wurin ya yi launin ƙasa. Inda babu abin da take nema, wurin fari zai tsaya. Ta kuma ja mini kunne sau biyu cewa wannan ba magani ba ne, kayan bincike ne, ba zai cire wa Safiya ɓawo ko ɗaya ba. Abin da zai iya yi kawai shi ne ya nuna mana abin da ya ɓace. Amma sai an ciri fata kamar ƙwayar dawa daga jikin yarinyar, da wata daga jikin mai lafiya don a gwada su gefe da gefe, kuma sai uwa da uba sun sa hannu.

Inna ce na fara gaya wa. Tana jin kalmar yanka ta ture ƙwaryar furar da ke gabanta. Ba ta kiran sunana, kasancewata ɗan fari, sai dai ta ce kai.

"Kai, ashe mahaucin har gida ya iso? Mu da ko farce muka yanke sai mun tona mun binne, ko gashi ba ma bari iska ta ɗauka, kai za ka ɗauki naman jikata ka kai birni ka ajiye a kwalba? Wa ya san hannun da zai faɗa? Ban yarda ba. In kuma ka ƙi ji ka yi, to ka dawo mini da shi in binne shi kusa da cibiyarta."

Na yi mata alkawari. Daga ranar ta daina amsa gaisuwata. In na durƙusa a ƙofar ɗakinta da safe sai ta ci gaba da jan carbi, ta bar ni da gwiwa a ƙasa. Wata biyu muka yi a haka, kuma ba na jin akwai abin da ya taɓa yi mini ciwo kamar wannan shirun.

A Lakwaya ma Kawu ya ce bai san zancen ba. Ya ce in yankan ba komai ba ne, in fara da kaina mana. Na ce ai da ni za a fara, don ana bukatar fatar mai lafiya. Ya shiga gyara hularsa. Sai muka ji muryar Rabi daga bayan labulen zaure, ita da ban taɓa jin ta sa baki a maganar mahaifinta ba.

"Baba, ka yi haƙuri. Wata huɗu ke nan ana cewa ni na jawo mata. Ni kaina na fara yarda, ko barci ba na iya yi. In yankan zai faɗi gaskiya, a yanka. In laifina ne ma, gara in sani."

Ranar da aka yi, ni aka fara yi wa allurar kashe zafi, aka ciri tawa Rabi tana kallo, sannan aka ciri ta Safiya a cinya, ɗinki ɗaya. Ta yi kuka kaɗan ta kama nono. Direban da ya kai mu shi ya ga auduga a cinyar yarinya da 'yar kwalba a hannuna, kafin mu dawo labari ya riga mu isa tasha. Asalin zancen sayarwa ke nan, ba wani abu ba.

Da hannuna na dasa su a kaki, da hannuna na yanka. Na yi wa dubban mutane wannan aiki ban san fuskarsu ba, amma ranar sai da na fita na wanke ido na dawo kafin in fara. Na jera yankina da nata a gilashi ɗaya. Kwalba ta farko, duka biyun suka nuna wani siririn layi mai launin ƙasa can kusa da saman fata. Ta biyu ma haka. Na fara cewa a raina na ɓata da uwata a banza. Da muka zo ta uku Dakta Maryam ta daɗe a kan madubi, sannan ta matsa ta ce in duba. Tawa ga layin nan ɓaro-ɓaro. Ta Safiya babu komai, fari fat. Ta sa muka sake sau biyu a ranaku daban, don kada a ce kuskuren hannu ne, amsa ba ta canza ba.

"Malam Isiyaku, irin wannan rashi ba ya zuwa daga gefe ɗaya," in ji ta. "Sai yaro ya karɓo daga uba ya kuma karɓo daga uwa. Kai kana ɗauke da rabi, matarka tana ɗauke da rabi, kowannenku lafiyarsa ƙalau. Ba abinci ba ne, ba tsallake ba ne. Ka ce 'yar kawunka ce? To ba zan rantse ba, amma mafi kusa shi ne daga kakan da kuka haɗa ya gangaro muku ku biyu."

Kakan da muka haɗa. Ba Madadi ba, ba Durun ba. Gidan da ya haifi Inna da Kawu Haladu. Na fi awa ɗaya zaune ina tunanin yadda zan kai wannan saƙo, har na yi sha'awar a ce ban sani ba. Na roƙi Dakta kakin guda biyu. Ba ta so ba, ta ce ka'ida a ajiye su, kuma akwai sauran gwajin da take son yi nan gaba. Na ce na yi wa uwata alkawari. Sai ta rubuta takarda ta sa hannu, ta haɗa mini da hoton abin da muka gani.

Ran Asabar da hantsi na sami Inna a gindin bishiyar darbejiya ta tsakar gida. Na ajiye kakin a gabanta a cikin hankici, na ajiye hoton. Na yi mata bayani da makuba da soro, don ta zauna da magini shekara talatin, ta fi ni sanin abin da damina ke yi wa ginin da ba a shafe ba. Na ce dirzar da ake yi, ɗan shafen da ya rage ake kankarewa. Ta ɗauki hoton ta kai kusa da ido, ta sa yatsa a kan layin nawa, ta kai yatsan kan na Safiya tana nema. Sannan na faɗi sauran, kaina a ƙasa. Na jira faɗa. Ba ta yi ba. Da ta buɗe baki, muryar ba irin wadda na sani ba ce.

"Tsakanina da Haladu akwai wani. Namiji ne. Ina da shekara bakwai aka haife shi, a cikin riga mai ƙyalli, idonsa a juye. Kwana biyar ya yi, ko suna bai samu ba. Iyarmu ta ce duk wanda ya tambaya a ce ɓari ne. Haladu bai sani ba, ba a haife shi ba tukuna. Ranar da aka miƙo mini yarinyar nan na gane ta. Na gane ta sarai. Ni na haɗa auren nan, kai. In ba laifin Rabi ba ne, to na wa ye?"

Na ce ba na kowa ba ne, Inna, Allah ne ya ƙaddara, kuma ba wanda ya san yana ɗauke da shi. Ta ce ta ji, amma bakin da ya yi zagi shi zai je ya ba da haƙuri. Ta tashi ta ɗauko mayafi. Na ce ta bari sai gobe in samo mota, ta ce zumunci a ƙafa yake, a kira mai babur. Tsohuwar da ta kusa saba'in ta hau bayan babur zuwa Lakwaya, ni ina biye a wani.

Ban ji abin da ta gaya wa Kawu ba, su biyu suka shiga ɗaki. Na dai ga ya fito yana share fuska da hannun riga. Abin da ta gaya wa Rabi kuwa a gaban kowa ta faɗa, a tsakar gida, matan gidan duk suna tsaye.

"Rabi, abin namu ne, daga gidan ubana ya fito. Na ɗora miki kayan da ba naki ba ina sane. Ki yafe ni."

"Haba Gwaggo," in ji Rabi, sai kuka ya ci ƙarfinta.

"Ba haba ba. Ki ce kin yafe, sannan ki miƙo mini ƙawata Safiya."

Da yamma muka dawo Gwarzo mu huɗu. Inna ta tona bayan ɗaki inda aka binne cibiyar Safiya ta sa kakin biyu ta rufe. Na ce mata akwai 'yan yankin da suka rage a kan gilashi a Kano, waɗannan ba sa ciruwa, don ban so in ɓoye mata komai. Ta ce waɗanda suka yi magana a bar su can su ci gaba da yi, wataƙila akwai wata tsohuwar mai taurin kai da ke bukatar ji. Na gaya wa Dakta Maryam wannan, ta yi dariya har da hawaye.

Safiya ba ta warke ba, kun sani, kuma ba wanda ya yi mana alkawarin haka. Amma an jefar da soso. Aka koma jiƙa ta a ruwa mai ɗumi, a shafe ta da man kaɗanya tun jikin bai bushe ba, safe da yamma, da bazara kuma a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zane. Tsagewar ta ragu, kukan ya ragu, ta yi ƙiba, ta yi baki har ya fi na kowa. Yau ga ta tana karatun aikin da na yi, tana gyara mini kuskure a abin da na shekara talatin ina yi. Ku kuma, ban hana ku auren zumunci ba, ni ribarsa na ci. Abin da na ce shi ne kowannenku zai iya kasancewa yana ɗauke da rabin nan, don haka ku je a ba ku shawara kafin a sa rana, kuma kada a sake binne wani yaro a ce ɓari ne.

Shafa man nan kuwa Inna ba ta bar wa kowa ba. Ko Rabi sai in ta yi tafiya. Shekara goma sha ɗaya tana yi, tana shafawa tana tsokanarta, wai duk man Gwarzo ya ƙare a jikin mutum ɗaya. Ranar da ta rasu, matan da suka yi mata wanka sun fito suna mamaki. Ɗayarsu ta ce wa Rabi ta wanke tsofaffi da yawa a garin nan, amma ba ta taɓa riƙe tafin hannu mai laushin na Inna ba.